Tatsuniya Mai Bincike da Ban Dariya: Ta Dace da Hirar Dare a Gidajenmu?

Tambaya: Wata malamar firamare daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta rubuto cewa ƙaninta da ke aiki a Kano ya kawo wa 'ya'yanta littattafan Turanci guda biyu, waɗanda a cikinsu aka mayar da dabbobi da mutanen tatsuniyoyin Turawa masu binciken abin da ya ɓace, cikin raha da barkwanci. Ta gwada karanta musu da dare tana fassarawa, amma yaran ba su yi dariya ba, hotuna kawai suka yi ta kallo, surukarta kuma ta ce ba ta ga amfanin cika kunnen yara da ƙaryar Turawa ba. Tana son ta san ko irin waɗannan littattafai sun dace, ko akwai irinsu da Hausa, da kuma yadda ya kamata a karanta su ga iyali.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ƙoƙari, domin uwar da ta dawo daga aji a gajiye, ta gama tuwon dare, sannan ta shimfiɗa tabarma ta buɗe wa 'ya'yanta littafi, ta yi abin a yaba mata. A shekarun da na yi ina koyar da adabin yara ga masu shirin zama malamai, ban ga nau'in labarin da ya fi wannan riƙe hankalin gida gaba ɗaya ba, tun daga ɗan shekara biyar har kakarsa, saboda dariya tana riƙe ƙarami, neman gano mai laifi kuma yana riƙe babba. Rashin dariyar da kika gani ba daga gare ki ba ne, ba kuma daga yaran ba. Yana da dalili, kuma yana da magani.

Marubutan waɗannan littattafai a Amurka da Ingila suna gina su ne a kan tatsuniyoyin da yaran can suka haddace tun suna ƙanana. Wasu daga cikin tatsuniyoyin wani Bafaranshe mai suna Charles Perrault ne ya buga su a 1697, wasu kuma 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara suka fara bugawa a 1812. Yaron da ya tashi a can ya san cewa kyarkeci mugu ne mai cinye mutane, don haka idan marubuci ya kawo kyarkecin gaban alƙali yana kuka cewa an yi masa ƙazafi, yaron zai fashe da dariya, domin an juya masa abin da ya sani. Naki yaran ba su taɓa sanin wannan kyarkeci ba, saboda haka ba su ga abin da aka juya ba. Ki gwada ce musu an naɗa Gizo ma'ajin gari, an damƙa masa makullin rumbun sarki, ki ga ko za su bari ki kai ƙarshen maganar kafin su kwashe da dariya. Abu na biyu shi ne, kaso mai yawa na rahar littattafan wasa ne da kalmomin Turanci masu kama da juna a furuci, irin wasan da ba ya tsallakowa zuwa wani harshe komai ƙwarewar mai fassara.

Wannan ba ya nufin ki jefar da kyautar ƙaninki. Ki fara karanta littafin ke kaɗai har ƙarshe, ki gano tatsuniyoyin da aka gina shi a kansu, sannan ki ba yaran ainihin waɗannan tatsuniyoyi da baki, da Hausa, dare biyu ko uku kafin ki buɗe littafin a gabansu. Idan kin zo karantawa, kada ki bi layi-layi kina fassarawa, domin hakan yana yanke numfashin labari. Ki karanta shafi a zuci tun da rana, da dare kuma ki faɗe shi da Hausarki kina nuna hoton. A wannan karatu na farko ne kuma za ki tace abin da bai dace da gidanki ba, domin za ki ci karo da aladu, da kwalaben giya, da mayu masu tsafi, da 'ya'yan sarakuna masu sumbatar juna. Babu laifi ki mayar da alade rago, ki tsallake abin da ya kamata a tsallake, tunda ke ce mai ba da labarin a wannan daren.

Game da surukarki, ina roƙonki kada ki ɗauki maganarta a matsayin jahilci. Tsoron da take ji na cewa baƙon abu zai shigo ya raba jikokinta da tarbiyyar gida tsoro ne mai tushe. Abin da za ki nuna mata cikin ladabi shi ne, gano gaskiya ta hanyar lura da alamu ba Turawa ne suka kawo mana ba. A ƙauyukanmu na Jigawa da Kano, idan aka wayi gari an kwance wa mutum saniya ko rago, kafin a kai magana gaban dagaci ana kiran masu bin sawu, su duba kofato a ƙasa su faɗi ko dabbar janta aka yi ko korarta, ko mutum ɗaya ne ko biyu, da inda aka nufa da ita. Yaron da yake kiwo ya san sawun akuyar gidansu a cikin na sauran awaki, ya kuma san ɓarnar gafiya daga ta ɓera a gindin rumbu. A tsofaffin littattafan tarihi na Larabawa, ciki har da na Ɗabari da na Mas'udi, akwai labarin 'ya'yan Nizar huɗu da suka haɗu da mutumin da raƙuminsa ya ɓata, suka siffanta masa shi alhali ba su gan shi ba. Sun ce mai ido ɗaya ne, domin gefe ɗaya na hanya kawai ya ci ciyawa, sun ce guntun wutsiya gare shi, domin kashinsa a tare ya zuba bai warwatsu ba, har mai raƙumin ya zarge su da sata kafin su bayyana yadda suka gane. Sama da wannan duka, kuma ba a haɗa shi da tatsuniya, surukarki ta san abin da ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa 28, inda mai shaida ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage hukuncin daban, in ta baya ce daban. Hukunci bisa hujja abu ne da addininmu ya girmama. Labaran 'yan sandan ciki na Turawa kuwa sai a ƙarni na 19 suka kafu a matsayin nau'in adabi.

Batun ƙarya kuma, tatsuniyarmu ba ta taɓa ɓoye wa yaro cewa ƙagagge ce ba. Da «ga ta nan, ga ta nanku» ake buɗe ta, a rufe da «ƙurunƙus kan ɗan ɓera», har mai bayarwa ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Ita kanta surukar taki da wannan aka rene ta, kuma ina kyautata zaton idan kika roƙe ta ta ba jikokinta Daskin-da-Riɗi, inda dukan labarin ya rataya a kan neman wani ɓoyayyen suna, za ki samu abokiyar aiki a madadin mai suka.

Tambayarki ta biyu ita ce ko akwai irin waɗannan littattafai da Hausa. Waɗanda aka rubuta musamman domin yara, aka haɗa tatsuniya da bincike da raha a wuri ɗaya, ba su da yawa a kasuwa, kuma wannan giɓi ne da ke damuna ƙwarai. Yawancin littattafan Hausa da za ki tarar wajen masu sayarwa a Sabon Garin Kano na manya ne, na soyayya da zaman aure, waɗanda suka taɓa bincike a cikinsu kuma cike suke da kisa da bindiga. Amma akwai tushe mai kyau. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a littafi uku tsakanin 1937 da 1939, tun asali domin karatun makaranta aka yi shi, kuma abin da Imam ya yi shi ne ainihin abin da nake ba ki shawara: ya ɗauko labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, har da na gidan Grimm, ya sanya musu rigar Hausa ta yadda mai karatu zai rantse a ƙasar nan aka haife su. A ciki akwai labaran shari'a da na wayo da na ɓarayi da aka kama da dabara, masu daɗin karantawa da babbar murya. Akwai kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida da suka fito a farkon shekarun 1970, waɗanda Hausarsu ta dace da 'yan firamare. Tarin tatsuniyoyin Hausa da wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 ya fi waɗannan yawa, sai dai rubutunsa na tsohuwar ƙa'ida ne, kuma da yawa daga cikin labaransa ba na kunnen yara ba ne, don haka naki ne ke malama, ki ɗebo abin da ya dace. Idan ƙaninki yana da waya mai intanet, ya duba shafukan African Storybook da StoryWeaver, inda ake samun gajerun labarai masu hotuna da Hausa kyauta, ya sauke miki su a duk lokacin da ya zo gida.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce ki ƙaga naki. Kina da duk kayan aikin: taurarin da yaranki suka sani ciki da bai, da ƙauyen da suka san kowane lungunsa. Bari in nuna miki yadda ake ɗora ginin da misali guda. Zaki, sarkin dawa, ya ajiye gorar zuma a ɗakin ajiya domin sunan ɗansa. Ranar suna da safe aka tarar da gorar a inda take, a toshe, amma babu ko ɗigo a ciki. Nan take kowa ya ce Kura ce, domin an san halinta, kuma Zomo ya gan ta tana sanɗa a bayan gidan da tsakar dare. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan a hukunta ta shi ne Gizo. Sai Bushiya, wadda saboda ƙanƙantarta kullum idonta na ƙasa, ta roƙi sarki ya ba ta zuwa azahar. Ta duba gorar ta ga bakinta ƙanƙane ne, ba a kuma fasa ta ba, alhali Kura ba ta san lallaɓa abu ba. Ta lura da layin kiyashi ya fito daga ɗakin ajiya ya nufi inda Gizo yake zaune, ya tashi ya koma gindin tsamiya kiyashin suka karkata suka bi shi, ya sake tashi ya hau turmi suka sake binsa. Aka kawo tuwon suna, Gizo, wanda ba a taɓa ganin ya ƙi abinci ba, ya ce yau cikinsa ba daɗi. Ƙoƙi kuma, ba tare da nufin komai ba, ta yi ta ƙorafi cewa da asuba sai da ta ɓamɓare rigar mijinta daga tabarma. Da Bushiya ta tambaye shi, sai ya rantse da tsamin bakin nan nasa cewa shi ko totuwar masarar da aka toshe gorar da ita bai taɓa gani ba, alhali babu wanda ya ambaci totuwa, kuma ban da sarki da Bushiya babu wanda ya shiga ɗakin. Ita kuwa Kura, ƙasusuwan ragon suna ta zo leƙe, kunya ce ta hana ta faɗa.

Ki lura da abin da ya sa wannan labari ya tsaya da ƙafarsa. Duk alamar da Bushiya ta yi amfani da ita an riga an faɗe ta a kunnen masu sauraro kafin warwarewa, ta yadda yaron da ya natsu zai iya riga ta ganowa. Wannan ita ce amanar da ke tsakanin mai ba da labarin bincike da mai sauraronsa, kuma da ita za ki auna duk littafin da aka kawo miki. Idan a shafin ƙarshe marubuci ya fito da wani baƙo da ba a taɓa ambata ba ya ce shi ne ɓarawon, ko ya sa aljani ya zo ya tona asiri, to ya ha'inci yaron, kuma yara suna jin zafin wannan ha'inci ko da ba su iya faɗarsa ba. Ana iya samun abin al'ajabi a cikin labarin, dabbobi su yi magana, tabarma ta tashi sama, amma warware matsalar dole ta zo ta hanyar lura da tunani. Sannan ki lura cewa wuraren dariyar su ne wuraren alamun: kiyashin da ke bin Gizo abin dariya ne, kuma shaida ne. Marubucin da ya ƙware haka yake ɓoye hujja, domin mai dariya ba ya tsayawa ya yi zargi, sai daga baya ya tuna. Wanda aka fara zarga kuma ya kasance mai mummunan suna amma ba shi ya aikata ba, domin yaron da ya yi saurin cewa Kura ce, sannan ya ga an wanke ta, ya ɗanɗana da kansa abin da ake nufi da zato zunubi, ba tare da kin yi masa wa'azi ba.

A nan ne ma nake ganin wannan nau'i ya gyara wani abu da ke damun iyaye da yawa game da tatsuniyoyin Gizo. A cikin na gargajiya sau da dama yana yin ha'inci ya tsira, har yara su riƙa sha'awar wayonsa. A labarin bincike kuwa wayo iri biyu ne ke karawa, na mai ɓoye gaskiya da na mai tono ta, kuma tsarin labarin da kansa yana sa yaro ya goyi bayan na biyun, tunda shi ma nema yake ya gano. Gizo yana nan da ban dariyarsa, amma wanda yaron yake son ya zama shi ne Bushiya.

Akwai irin dariyar da nake roƙonki ki guje mata. Tsofaffin labaranmu suna da yawan yi wa makaho da gurgu da kuturu ba'a, da kuma mayar da Bafillace ko Bamaguje ko baƙauye sakarai. Manya sun san iyakar wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko tsakanin taubasai, amma yaro bai sani ba, gobe zai ɗauki maganar ya kai wa ɗan rugar da suke zaune benci ɗaya da shi a ajinki. A yi dariyar kwaɗayi, da cika baki, da ƙaryar da ta kama mai ita, domin waɗannan halaye ne da mutum ya zaɓa da kansa. Haka kuma ga yaran da ba su kai shekara goma ba, abin da ake bincike ya tsaya a kan ɓatan kaya ko wata ɓarna, kamar wa ya sha nonon, wa ya kwance jakin mai unguwa, wa yake kukan dodo a bayan rumbu, wanda a ƙarshe za a tarar ɗan akuya ne ya cusa kai a tulu. Kada a kawo gawa ko jini a labarin da za a kwanta barci a kansa.

Yadda ake karantawa kuwa, shi ne rabin aikin. Bayan sallar isha, kafin barci ya fara ɗibar ƙananan, minti 15 zuwa 20 sun isa, kuma ya fi kyau ki tsaya suna roƙon ƙari da ki ci gaba suna hamma. Fitilar sola ƙarama ta wadatar, ki zauna inda kowa zai ga hoton. Ki ba kowane tauraro muryarsa, Zaki da kauri, Kura da gurnani, Gizo da tsamin baki, domin da murya ne ɗan shekara huɗu yake bin labarin da kalmominsa suka fi ƙarfinsa. Tun da rana ki sa wa wurare biyu ko uku alama da fensir inda za ki dakata, wanda ya fi muhimmanci shi ne dab da a faɗi mai laifi. A nan ki rufe littafin ki tambaya wa suke zargi, sannan ki bi da tambayar da ta fi ta farko daraja, wato me suka ji a labarin da ya sa suka ce haka. Ki fara da ƙarami, domin idan babba ya riga shi, maimaitawa kawai zai yi. Kada ki ce wa kowa ya yi daidai ko ya yi kuskure, ki bar labarin ya yi hukunci, in ma da hali ki bar warwarewar sai gobe, su kwana suna gardama. Yaranmu sun saba da wannan tsari daga kacici-kacici, inda wanda ya kasa yake ba da gari kafin a faɗa masa amsa, kuma kina iya aro wannan al'ada yadda take.

A matsayinki na malama kin san cewa yaro yana fahimtar abin da ya ji da kunne fiye da abin da zai iya karantawa da kansa, musamman a azuzuwan farko. Karatu da babbar murya yana ba shi kalmomi da tsarin jimla da zai tarar daga baya a takarda, labarin bincike kuma yana ƙara masa abin da yawancin ɗalibanmu suke faɗuwa a kai a jarrabawar fahimta, wato ciro abin da ba a faɗa ƙarara ba daga abin da aka faɗa. Idan kina da ɗan aji huɗu ko biyar, ki ba shi maganganun tauraro ɗaya ya riƙa karantawa idan an zo wurinsu, ki bi da yatsa a ƙarƙashin layi domin ƙannensa su ga cewa sautin daga baƙaƙen nan yake fitowa, ki kuma nuna musu bambancin ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b a duk inda suka zo.

Lokacin damina, da yara ke dawowa daga gona a jigace, ki gajarta ko ki mayar da shi daren Alhamis da Juma'a kawai. Bayan kaka, da aiki ya yi sauƙi dare kuma ya yi tsawo, shi ne lokacin dogon labari mai kashi-kashi. Duk wanda kika ƙaga kuma ya karɓu, ki rubuta shi washegari a littafin rubutu mai kauri tun bai gushe miki ba, ki bar shafi ɗaya fari a gefen kowane shafi domin yaran su zana abin da suka ji, ki riƙa adana shi a cikin leda a akwatin ƙarfe saboda gara da yoyon ɗaki. Idan labaran suka kai biyar ko shida, ki kai ajinki ki gwada su a kan yaran da ba naki ba, ki lura da inda suka yi dariya da inda suka gano ɓarawon da wuri fiye da kima, sai ki matsar da wannan alamar zuwa gaba kaɗan ko ki lulluɓe ta da wani abin dariya.